Oga Ta Zo

Ranar da za a zauna rubuta tarihin harshen Hausa a kan duwatsun Jos, dole a ware babi guda domin Malam Labaran na Laranto, mutumin da ya tsaya shi kaɗai tsakanin harshen da halaka. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ba a taɓa musa masa ba, domin a ɗakin malamai yake faɗa, lokacin da bakin kowa ke cike da ƙosai. Fagen daga kuwa aji biyu ne na ƙaramar sakandare, a wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada. Ɗakin yana da taga biyu. Ɗaya ba ta buɗuwa, ɗaya ba ta rufuwa.

Ba zama ya zo yi ba. Wannan kowa ya sani, don babu wanda bai faɗa wa ba. Kakansa ya zo Jos daga ƙasar Kazaure zamanin haƙar kuza, da niyyar ya ci rani ɗaya ya koma. A Jos aka binne shi. Ubansa kafinta ne a kasuwar katako ta Laranto, ya ƙare rayuwarsa yana cewa da zarar ya gama aikin da ke hannunsa zai koma gida, gidan da bai taɓa gani ba. Ko bishiya bai yarda an dasa a tsakar gida ba, wai kada a bar wa baƙo inuwa. Yana kwance kusa da ubansa. Labaran ya gaji wannan tafiyar kamar yadda wasu ke gadon gona, ya kuma kula da ita yadda ya kamata. Ya kusa komawa Kano. Ya kusa tafiya Abuja lokacin da ake cewa ko mai sharar titi gini yake yi a can. Bayan rikicin shekarar dubu biyu da ɗaya, da mutane suka riƙa musayar unguwanni, ya ɗaure littattafansa da igiya ya ce wannan karon babu fashi. Rabinsu sun zauna a ɗaure, har ya ƙware wajen zare wanda yake so ba tare da ya kwance ƙullin ba.

Matarsa Safara'u ta daɗe da daina tambayar yaushe. Tambaya ɗaya take yi a shekara, idan bazara ta shigo.

"Malam, in dasa tumatir bana, ko mun kusa tashi?"

"Kada ki dasa. Wa zai ci?"

Sai ta dasa. Shi yake ci.

Abin da Allah ya ba shi murya ce. Tun yana kwalejin horar da malamai ake ce masa muryar rediyo gare shi, ya kuwa ɗauki maganar da gaske fiye da waɗanda suka faɗe ta. Idan ya sayi jarida, a tsaye yake karanta ta, da ƙarfi, yana fuskantar bango, yana jinjina kai a ƙarshen kowane labari. A ganinsa asara ce a ƙarar da irin wannan murya a kan yara 'yan sha biyu sha uku masu jifan juna da ƙwallon mangwaro.

Ga kuma abin da ke ci masa rai. Jos gari ne da kowa ke jin Hausa, Birom da Ngas da Ibo da Yarbawa, kuma yawancinsu sun hutar da kansu wahalar bambanta mace da namiji. Kowa "ya" ne. Mamana ya zo. Akuya ya haihu. Amarya ya yi kyau. Daga Laranto zuwa Gada Biyu, inda yake sauya mota kullum da safe, kwandasta zai ce, "Hajiya, ka matsa," Hajiyar kuma ta matsa, ba ta ga laifin kowa ba. Duk motar Malam Labaran kaɗai ke jin kamar an taka masa yatsa.

A ajinsa babban mai taka yatsan shi ne Chibueze Anene, ɗan mai sayar da kayan gyaran mota. Haifaffen Jos ne. Hausarsa ta fi ta Malam sauri. Da ita yake ciniki, da ita yake zagi, da ita yake rantsuwa, amma tun da aka haife shi "ta" ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

"Chibueze, ina yayarka Ulonma? Ban ga ta kawo maka abinci yau ba."

"Ya tafi kasuwa, Malam."

"Ulonma mace ce ko namiji?"

"Mace ne."

"To me ya sa ka ce ya tafi?"

"Ai ya tafi ɗin ne, Malam. Da idona na gan shi."

"Malam, ka ƙyale shi," in ji Kausar daga bencin baya. "Shi ma yayan nasa bai damu ba."

Wannan Kausar ɗin 'yar tela ce, a gidansu Hausa ake yi tsaf, amma da ta shigo makaranta sai ta ajiye ta a bakin get ta ɗauki ta kowa, don kada a ce mata 'yar Kano. Ita ta fi ƙona masa rai. Sai dai akwai wata matsala da bai taɓa gaya wa kowa ba: idan suka yi irin wannan, dariya ce ke taso masa. Sai ya juya ya fuskanci allo yana goge abin da babu, har ta wuce. Wani lokaci a mota, a hanyar gida, maganar ta dawo masa, ya kama murmushi shi kaɗai har na kusa da shi ya ɗan matsa. Ya ɗauki abin a matsayin wata 'yar larura da canjin gari zai warkar.

Canjin garin ya zo a bazarar shekarar dubu biyu da uku, lokacin da bangayen Jos ke cike da hotunan 'yan takarar zaɓen da aka riga aka gama. Ɗan baffansa Sharafaddeen ya zo daga Kaduna a hutun Ista, ya ce ana shirin buɗe sabon gidan rediyo mai zaman kansa, ana neman mai karanta labaran Hausa. Ya riga ya yi masa magana da wanda ke ɗaukar ma'aikata, wani Alhaji Mustapha. Alhajin zai je Bauchi, a dawowa zai biyo ta Jos a sati na biyu da komawa makaranta, zai tsaya ya ji muryar da kunnensa.

"Amma ka sani, Yaya, mutumin nan ba ya jira kuma ba ya dawowa. In ya tsaya, ka fito."

"Wace rana?"

"Ranar da ya ga dama. Ai shi ne oga."

Malam Labaran ba shi da wayar hannu. A lokacin masu ita a makarantar ba su wuce mai makarantar ba. Saboda haka babu abin yi sai jira, shi kuwa jira a tsaye ya saba yin sa.

Bazarar Jos ba ta da zafin Kano, amma tana da rashin zama. Da rana hadari ya taso daga bayan duwatsu, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri, mata su kwashe shanya, sai ya watse. Gobe ma haka. Yara ba sa iya zaman benci. Ƙafafu na rawa a ƙarƙashin tebur, aljihuna cike da ɗanyen mangwaro da gishiri a ƙullin takarda. Malaminsu ya fi su. Ya fito da farar shaddarsa ta Sallah, kullum ita yake sawa, kullum da yamma Safara'u ta wanke ta goge. Duk ƙarar motar da ya ji sai ya bar jimla a tsakiya ya nufi tagar da ba ta rufuwa. Yaran suka gane. Akwai wanda ya iya kukan injin fijo da bakinsa, ya kuwa kai Malam taga sau da yawa kafin a kama shi.

A cikin wannan hali ne ya ga bai kamata mutum kamarsa ya bar wuri babu abin tunawa da shi ba. Shekaru yana bayani a tsanake, babu abin da ya zauna. Yanzu babu lokacin tsanaki. Ranar Litinin ya shiga aji ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: DUK SUNAN DA YA ƘARE DA "A", A CE MASA "TA".

Ya san rabin gaskiya ce. Ya san da ruwa, da gida, da nama, da sauran waɗanda suka ƙi bin dokar. Amma ya ga ya dace wanda zai gaje shi ma ya tarar da abin yi.

"Malam," in ji Kausar, hannunta a sama, fuskarta kamar ta mai neman ilimi. "Ruwa fa?"

"Ba mu zo nan ba tukuna."

"Yaushe za mu zo?"

"Ki zauna."

Abin da shekarun tsanaki suka kasa, doka mai layi ɗaya ta yi shi, don yaran sun ga ana iya buga ta a tebur. Mota, ta. Kaza, ta. Rana, ta. Kafin a tashi sun mayar da ita wasa: wani ya jefo kalma, wani ya amsa da "ta" ko "ya", wanda ya yi kuskure ya sha ranƙwashi. Chibueze ya sha har kansa ya yi ƙulu-ƙulu. Hayaniyar ta kai ofis, ta fito da Madam Ogochukwu, mai makarantar, wadda yaran ke kira oga kamar yadda suke kiran duk wanda ke da mota. Ta tare shi a baranda, ta dubi shaddar tun daga wuya har ƙasa.

"Malam Labaran, ni ne mai makarantan nan ko kai ne?"

"Ke ce, Madam."

"To in ni ne, ka same ni a ofis. Wannan kiɗan da yaranka ke yi, da wannan kwalliyan da kake yi kullum kamar ango, duka ina so mu yi magana."

"Ina zuwa, Madam."

Duk mai jin Hausa ya san "ina zuwa" ba alkawari ba ne. Kwana biyu yana bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje don kada su haɗu.

Ranar Alhamis, bayan hutun tara, hadarin ya sake tasowa, wannan karon har aji ya yi duhu. Malam ya aiki Chibueze ɗauko alli. Yaron ya dawo a guje babu alli.

"Malam, oga ta zo. Tana nemanka."

Malam Labaran ya riga ya gyara hula, ya yi rabin hanyar ƙofa, kafin maganar ta gama shiga kunnensa. Ya tsaya.

"Me ka ce?"

"Oga ta zo."

"Ta zo, ko ya zo?"

Yaron ya ɗaga ido sama, leɓunansa na motsi kamar mai duba wani abu a rufin ɗaki. "Ta zo, Malam."

"Ka tabbata?"

"Allah kuwa. Tana cikin mota a bakin get."

A ransa ya ce Madam ke nan, ta dawo daga yawonta na safe, ta ga ya ƙi zuwa ofis ta ce a kira shi a waje. Abu biyu suka zo masa lokaci guda. Na farko takaici, wanda ya saba da shi. Na biyu wani abu ne da ya taso daga ciki ya cika masa ƙirji, bai san sunansa ba. Tun yaron nan yana aji ɗaya yake fama da shi. Ga shi yau, ba a wasa ba, ba don tsoron ranƙwashi ba, a cikin magana ta gaske, da haki a bakinsa, ya ce "ta". Har sau uku.

"Ku tafa masa," in ji shi.

Aka tafa, aka haɗa da buga tebur. Ya ɗauki guntun allin da ya rage ya rubuta a ƙarƙashin dokar: OGA TA ZO. Ya sa Chibueze ya maimaita a gaban aji. Yaron ya maimaita yana buɗe ƙirji kamar wanda ya ci ƙwallo.

"Je ka ce mata ina zuwa."

Ya tafi, ya dawo. "Ta ce ka yi sauri, tana da tafiya."

"Kun ji? Tana da tafiya. Ba yana ba. Kausar, kin ji ɗan Anene yau ya fi ki Hausa?"

"Na ji shi, Malam. Allah ya sa ya ɗore."

Daga nan wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, kamar an jefo tsakuwa. Sai wani. Sai kamar tifa ta juye a saman ɗakin. Bakin Malam na motsi, babu mai jin abin da yake faɗa, har shi. Ta taga suka ga filin makaranta yana fari, ƙanƙara na zuba kamar gurjiya, tana tsalle a kan jar ƙasa. Ba a san wanda ya fara fita ba. Kafin ya kai ƙofa rabin ajin na waje, wasu da jaka a kai, wasu da kwanon abinci, suna tara ƙanƙarar a gaban riga suna jefawa a baki, suna ihun zafin wadda ta same su a ƙeya.

Ya fita ne don ya koro su. Wannan ita ce niyyarsa, kuma ya riƙe ta har tsakiyar fili. A nan wata ta sauka a kan hularsa, wata a kunne, wani yaro ya tausaya masa ya kifa masa murfin bokiti a kai. Kausar ta zo kusa da shi, hijabinta ya jiƙe sharkaf, tafin hannunta cike.

"Malam, wannan ta ce ko ya ne?"

"Ta ce," ya ɗaga murya. "Ƙanƙara ta sauko."

Suka ɗauka suka mayar waƙa, suna zagaye shi suna tsalle. Ƙanƙara ta sauko, oga ta zo. Ya sunkuya ya ɗauki guda ya sa a baki. Rabonsa da yin haka tun yana yaro a bayan kasuwar katako. Sanyin ya harbe shi a haƙori. Chibueze ya zame ya faɗi a taɓo, ya kama gefen farar shaddar zai tashi, suka tafi tare. Malam Labaran, mai furfura a gemu, yana zaune a cikin jan kwaɓi da murfin bokiti a kai, ya yi dariyar da ya daɗe yana ɓoyewa allo, a fili, har da riƙe ciki. Babu tagar da ya waiwaya.

Ƙanƙarar ta koma ruwa, ruwan ya koma yayyafi. Yana baranda yana matse hula sai ga Baba Sylvester maigadi da buhu a kai.

"Malam, baƙonka ya gaji ya tafi."

"Wane baƙo?"

"Alhajin nan mai farin mota, lambar Kaduna. Ya jira, ya jira, ƙanƙara yana dukan gilashi, yana ta salati. Ya ce mini wane ne Malam Labaran a cikin mutanen can. Na nuna ka."

"Ka nuna ni."

"Eh mana. Kana zaune a ƙasa lokacin. Ya duba, ya duba, ya ce to madalla. Ya tada mota."

"Madam fa?"

"Madam yana ofis tun safe. Yau bai fita ba."

Malam Labaran ya tare acaba a bakin titi, ya ce Gada Biyu. Ruwa ya cika hanya, motoci na tafiya kamar masu jin tsoron ƙasa. A Gada Biyu ya leƙa farar mota ya ga mata da buhunan dankali. Ya ce su wuce Farin Gada. A can ma fararen motoci sun yi yawa, kuma duk masu su sun dube shi yadda ake duban mutumin da ya sa shaddar Sallah ya yi birgima. Sun ɗan taɓa hanyar Zariya kafin ɗan acaban ya waiwayo ya ce, "Oga, Kaduna za mu je ne? Ka gaya mini in sha mai." Suka juyo.

Ya tarar da ajin a zaune tsit, abin da bai taɓa gani ba. Rawar sanyi ce ta zaunar da su.

"Chibueze. Tashi. Wanda ka gani a mota, mace ne ko namiji?"

"Namiji ne, Malam. Har da gemu."

"To don me ka ce mini ta zo?"

Yaron ya dube shi da mamaki na gaske. "Oga, Malam. O, ga. Da 'a' ya ƙare." Ya nuna allo. "Na ma tambaye shi sunansa don kar in yi kuskure. Ya ce Mustapha. Shi ma 'a' ne."

Ajin ya gyaɗa kai. Hujja ta tsaya. Kausar ta kifa fuska a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Malam Labaran ya dubi bulalar da ke jingine a kusurwa, ya dubi allo. Dokar na nan da hannunsa, ga misalinta a ƙasa, shi ma da hannunsa. Yaron ya yi aiki da ita daidai, har ya sake dubawa, abin da malamai ke roƙon ɗalibai su yi ba sa yi. Ya ce masa ya zauna. Ya juya ya ɗauki tsumman goge allo, ya daɗe a tsaye bai goge komai ba. Yaran suka ga bayansa na girgiza, suka kasa gane ko kuka ne. Shi ma bai gane ba.

Safara'u ta karɓi shaddar da yatsa biyu.

"Sun ɗauke ka ne, Malam? Na ga kamar har ka fara, in dai aikin kwaɓa ƙasa ne."

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga kicin, ya ji tukwane na ƙara fiye da yadda girki ke bukata. Da ta fito idonta da ruwa.

"To ai Kaduna ba ta gudu ba," in ji ta. "Ranar Asabar ka hau mota ka je ka ba shi haƙuri. Murya yake nema, ba shadda ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba a jima ba ma wani direba ya kawo saƙon baki daga Sharafaddeen: Alhaji ya ji haushi, amma an lallashe shi, idan Malam ya zo kafin ƙarshen wata zai saurare shi. Ƙofa ba ta rufe ba. Malam ya sauko da akwati daga saman kwaba, ya kakkaɓe.

Sai dai ranar Juma'a, tun daga bakin get ya fara jin abin da ya shuka. Wani yaro na kuka wai Musa ta mare shi. Wata na cewa ruwa ta ƙare a randa. Dokar ta tsallaka aji ɗaya, ta shiga aji uku. Kafin a tashi wani magidanci ya zo da ɗansa riƙe a kunne, yana neman malamin da ya koya masa cewa "Baba ta dawo" a gaban abokan ciniki. A cikin aji Chibueze, wanda yanzu ake kawo wa ƙara idan an yi gardama, ya yanke hukuncin cewa zakara ta yi cara.

Malam Labaran ya lissafa abin a ransa. Ya same su suna mayar da mata maza, zai tafi ya bar su suna mayar da maza mata. Ba irin abin tunawar da ya yi nufi ba ke nan. Sati ɗaya ya isa ya gyara. Asabar ba ta ƙarewa a duniya.

Ya gaya musu gaskiya, cewa akwai sunayen da suka ƙare da "a" amma suka ƙi bin doka. Kausar ce ta raɗa musu suna 'yan tawaye. Daga ranar aka shiga farauta. Kowa ya kwana yana kasa kunne a gida da kasuwa da coci da masallaci, da safe ya kawo abin da ya kama. Wanda ya kawo ɗan tawaye na gaske ya yi ranƙwashi, wanda ya kawo na ƙarya ya sha. Aka kamo guga, aka kamo yatsa, aka kamo wasa da kada da dila. Chibueze ya kawo uba, ya ce shi ne shugabansu. Wata yarinya ta kawo wata, aka kusa dambe, don rabin ajin na nufin na sama, rabi na nufin wata mata. Madam Ogochukwu ta sake fitowa saboda hayaniya, ta tsaya a ƙofa tana saurare, kafin ta koma ta ce, "Nama fa? An kama shi?" An riga an kama shi.

Asabar ta zo, Malam ya ga sauran kaɗan. Ta gaba ta zo, ya ga jarrabawar gwaji ta matso, ba a barin yara a bakin jarrabawa. Bai daina zirga-zirga ba. Kullum da yamma sai ya auna tsakar gida da ƙafa, daga ƙofa zuwa rijiya, yana cewa wannan satin babu fashi. Amma Safara'u ta lura da asuba yana riga kowa shiri, kuma a mota ya daina jin an taka masa yatsa, kunnensa na wajen farauta. Wata rana ya sauka a Gada Biyu yana maimaita "kara, karan dawa" a ransa don kada ya manta, yana jin daɗin babu yaron da ya riga shi.

Damina ta kankama. Wata ya ƙare. Sharafaddeen ya aiko cewa an ɗauki wani saurayi daga Zariya, ya ƙara da wata magana a kan mutanen da ake ɗora wa abinci a baki, wadda direban ya ga bai dace ya isar da ita duka ba. Malam Labaran ya karɓi labarin a tsaye. Ya yi kwana biyu yana auna tsakar gida da ƙafa. A na uku aka kawo masa "duma", ya ce a tafa.

Zuwa ƙarshen zango Chibueze na iya cewa Baba ya dawo, Mama ta fita, zakara ya yi cara, kaza ta yi ƙwai, a jere, ba tare da ya dubi rufi ba. Ulonma ta koma mace a bakinsa, sai in ya yi fushi da ita. Malam ya tsara abin da zai yi da shi a aji uku: zai sa shi ya yi jawabin Hausa ranar ba da kyaututtuka, a gaban iyaye, a ga abin da mutum ɗaya ya tsaya ya yi. Duk dogon hutun yana gyara jawabin, yana karanta wa bango.

Da aka dawo a watan Satumba, uban Chibueze ya riga ya kwashe shagonsa da iyalinsa ya koma Onitsha, inda babu mai bukatar ko ɗaya daga cikin kalmomin biyu, "ya" da "ta".